Wa Ke Ƙarƙashin Hular Kulu?

Tudun Wada, Daura,
Litinin, cikin watan Zulƙida.

Zuwa ga ɗana Mahdi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gabatar maka da gaisuwa irin ta uba ga ɗan da ya raina, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, Ya kuma tsare ku daga ruɗanin Legas. Mu a nan sai godiya. Zafi ya matsa ƙwarai, an gama sharar gonaki, idon kowa yana gabas ana jiran ruwa. Ciwon gwiwata ya yi sauƙi tun da na bar hawan keke. Haulatu matar ƙanenka Audi ta tashi lafiya, jaririn kuwa, wanda ka ji an raɗa wa Zakiyyu, sai girma yake yi, ga murya kamar ta ladan. Mahaifiyarka Kulu tana nan ƙalau, har yanzu allura ba ta bar hannunta ba, ko da yake sai ta sa tabarau.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, alhali ga waya. Dalili shi ne kunnena ya yi nauyi, ba na iya magana a waya sai na ɗaga murya, abin da na faɗa a zaure kuwa sai mai shayin ƙofar gida ya ji shi tsaf. Maganar da ke tafe da ni ba ta mai shayi ba ce. Saboda haka na rubuta da hannuna, zan damƙa wa Sada direban motar shanu, ya kawo maka har gida.

Ka san ni ba ma'abocin kallo ba ne. Amma tun bayan ƙaramar salla samarin da ke taruwa a teburin mai shayi suka hana ni sakat da gardama a kan wani wai shi Mazo. Da abin ya ishe ni, sai na kira ƙanwarka Siddiƙa na ce ta yi mini bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa 'yan aji bakwai a zamanin da nake koyarwa. Ta ce Mazo ba mutum ba ne na gaske, ɗan leƙen asiri ne na cikin fim, wanda yake bin sawun masu fataucin makamai daga wannan ƙasa zuwa waccan, yau ya zama ɗan koli, gobe ya zama direba. Mutum biyu suka taɓa fitowa a matsayinsa, na biyun kuma ya ce girma ya kama shi, ya sauka. Yanzu ana neman na uku. A nan abin ya fara ba ni sha'awa. Ashe suna ne ba ya mutuwa, sai dai a sauya wanda ke ɗauke da shi, tamkar sarauta. Na tambaye ta ko akwai masu zaɓe da ke zama su yi shawara, da kuma ko sai ɗan gidan na farko ake bai wa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce masu kamfanin ne ke yanke hukunci, sauran jama'a hayaniya kawai suke yi.

Hayaniyar kuwa na saurare ta da kyau, don na matsa da tabarmata kusa da ƙofa. Wani ya ce ɗan wasan da ake ta ambato gajere ne, Mazo kuwa bai taɓa ɗaga kai ya dubi abokin gaba ba. Wani ya ce na biyu cikin waɗanda ake ambaton ya tara tumbi, in ya haura katanga katangar ce za ta ji jiki. Na ukunsu an ce ya cika murmushi, sai ka ce mai neman ƙuri'a. Akwai wanda ya dage lalle sai wanda ya iya Faransanci, tunda Mazo yana tsallaka iyaka. Abokinsa ya ce masa ya rufa wa mutane baki, su da suke kwana a Kongolam, bakin iyaka, Faransancin me suka taɓa ji, ai Hausar nan ce dai har Damagaram. Wallahi, Mahdi, na daɗe ban ga mutane sun yi wa al'amari ƙwaƙƙwaran bincike haka ba. Da rabin wannan himma suka yi wa lissafi a aji, da ba mu sha wahala da su ba.

Ana cikin haka sai kamfanin ya saki hoto guda. Mutum ne a tsaye a bakin ruwa, ya ba da baya, ba a ganin komai nasa sai kafaɗu da ƙeya da hula. A ƙasa aka rubuta tambaya, wai wane ne Mazo na uku. Kano da Kaduna sun dubi kafaɗu suka yi ta cece-kuce. Daura kuwa hula ta duba. Ƙube ce mai ruwan ƙasa, da zanen sawun zabo a kore yana zagaye ta, wanda mahaifiyarka ta koya wurin kakarku a Dutsi, ba kuma wanda ke yin sa a garin nan sai ita. Kai ka san guda biyu ta ɗinka lokacin bikin Audi, ɗaya tasa, ɗaya taka. Mutanen gari sun manta da taka, don ka daɗe ba ka zo ba. Ta Audi kuwa kullum tana kansa. Ga shi tsawonku ɗaya, kafaɗunku ɗaya. Kafin la'asar, Daura ta gama naɗa Audi.

Da farko abin dariya ne. Yana wucewa a babur ana yi masa kirari, shi ma yana ɗaga hannu. Amma ka san labari in ya bar bakin masu kallo ya shiga kara, kasuwar dabbobin da Audi ke dillanci, kamanninsa sauyawa suke yi. A nan an ce Audi zai fito a fim a matsayin ɗan leƙen asiri. Kafin maganar ta kai Mai'aduwa da Mashi, fim ɗin ya faɗi a hanya, saura cewa an ɗauki Audi aikin leƙen asiri, har ga hotonsa gwamnati ta fitar. Kai ɗan ofis ne, bari in tuna maka yadda dillanci yake. Mai dabba yana zuwa daga nesa, ya miƙa wa dillali igiya, ya raɗa masa a kunne kuɗin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, da abin da ya sa yake sayarwa, wani lokaci har da hanyar da ya biyo. Mai saye ma ya raɗa nasa. Jarin dillali ke nan, kunnen da ba ya yoyo. To, wa zai miƙa igiya ga wanda aka ce kunnensa na hukuma ne? Kasuwa bayan kasuwa Audi yana tsaye a kara hannu biyu, mutanen da suka saba da shi tun yana bin mahaifinku suna gaishe shi daga nesa su wuce. Ga babbar salla ta ƙarato, lokacin da dillali ke samun abin da zai riƙe gida har kaka, ga mai jego a ɗaki.

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya rantse ba shi ba ne. Samari suka ce ai dama haka Mazo zai ce. Ya ajiye hular. Aka ce ya fara ɓad da kama. Ya mayar da ita. Aka ce ga shi ya amsa. Ya ce mini ya kira ka ya fi a ƙirga, kai kuma ka yi ta dariya kana cewa ya bar mutane da surutunsu. Ina kyautata zaton ba ka san inda surutun ya kai ba.

Yanzu ga yadda na san abin da na sani. Ranar sunan Zakiyyu, Siddiƙa ta shigar da wayarta cikin taron mata, hoton yana ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta tsokanar Haulatu da matar Mazo. Gwaggonka Hadiyya, maiɗakina, tana zaune kusa da Kulu lokacin da wayar ta iso. Ta ce mini Kulu ta yi mata duba ɗaya, ta miƙa ta ga ta kusa da ita, ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce ta bar tukunya a wuta, ta tashi. Alhali tun azahar aka gama sauke abinci. 'Yan mata ba su lura ba. Amma Hadiyya ta san Kulu, ni kuma ciki ɗaya muka fito da ita. Da Audi ne a hoton, da ta ce a ba ta ta ga wannan ja'irin, ta yi masa tatas a gaban kowa, don shi ba ta jin nauyinsa. Mutum ɗaya ne a duniya Kulu ke kau da kai daga gare shi, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa shi, wanda ta miƙo mini shi yana yaye, ta koma gida ba ta waiwayo ba. Kunyar ɗan fari ba ta san hoto ba, ba ta san fim ba. Kai ne, Mahdi.

Ban ce ka yi laifi ba. Na tuna yadda kake tara yara a makaranta kuna wasan kwaikwayo, kai ne alƙali, kai ne ɓarawo. Siddiƙa kuma ta ce masu irin wannan aiki sukan ɗauki alkawari ba za su faɗa ba sai ranar da aka tsayar. In haka ne, ni na koya maka riƙon alkawari, ba kuwa ni zan sa ka karya shi ba. Sai dai ban iya zama ina kallon ƙanenka ba. Jiya Lahadi na karɓi hular Audi, na ajiye rawanina, na sa ta, na bi shi kasuwar Mai'aduwa. Na zauna a rumfar sarkin kara har mutane suka taru, don ba su saba ganina a can ba. Na ce musu hular nan ƙanwata ce ta ɗinka, duk kan da ta hau ta zauna, yau ga ta a kaina. In hula ke mai da mutum ɗan leƙen asiri, to, ga shi a gabansu da sanda da ciwon gwiwa. Na ce Audi ba na hukuma ba ne, ba kuma na fim ba ne, ni na tsaya masa. Hamma, Bafilatanin nan da ke shigo da shanu ta Kongolam tun zamanin mahaifinku, ya ce ya ji, Malam, amma to wane ne a hoton. Na ce masa ba Audi ba ne, abin da ya wuce wannan kuwa ba wanda ya faɗa mini. Ka ga ban yi ƙarya ba. Hamma ya daɗe yana dubana, sannan ya ce wallahi hular ta fi yi mini kyau, ya kira Audi ya miƙa masa igiyar bijiminsa. Sauran suka ce sun ga girmana, amma su sai sun ga fuska.

Ashe ina cikin jawabi wani ya ɗauki hotona. Yau da safe Siddiƙa ta nuna mini shi, an jera shi da na bakin ruwa, mutane suna ta jefa ƙuri'a, wai har na wuce mai tumbin nan. Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya durƙusa ya gaishe ni a hanyar masallaci, da zai tashi ya ce Allah Ya ja zamanin Mazo. Na amsa masa da amin. Zan ci gaba da sa hular kowace Lahadi, in zauna a rumfar nan, har sai an ga fuska.

Abin da nake so ka yi shi ne ka je wurin masu kamfanin nan da kanka, ka karanta musu takardar nan in ka ga dama. Ka ce musu wasan da suke yi da ƙeyarka ya taɓa abincin wani gida a Daura. Ko su juyo da kai kafin salla, ko su fito su ce mai hoton ba dillali ba ne, ba kuma a Daura yake zaune ba. In sun ƙi, ka sanar da ni ta hannun Sada. Sannan in ka samu sarari ka amsa mini waɗannan, don sun tsaya mini a rai. Katangar da ake haurawa, da gaske ake haura ta? Wanda ya sauka, yakan zauna da sabon ya yi masa nasiha, ko kowa tasa ta fisshe shi? Kuma in an gama aikin yini, mutum yakan iya ajiye Mazo a can ya dawo gida a matsayin kansa? Wannan ta ƙarshe ita na fi son ji.

Ka gaishe mini da maiɗakinka Fadila, ka ce mata na ji daɗin man zafin da ta aiko. Ka shafa mini kan yara. Hadiyya tana gaishe ku, Haulatu ma haka. Audi ya ce in gaishe ka, gaisuwar dai ba ta da tsawo. Siddiƙa ba ta san komai ba tukuna, har yanzu mai murmushin nan take goyon baya.

Da na leƙa wurin Kulu ɗazu na ce mata zan aika takarda Legas, ko tana da saƙo, ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta ce ba ta da saƙon kowa. Har na kai bakin ƙofa sai ta ce, wai in akwai wani a can mai irin hular nan, a gaya masa ya daina tura ta baya kamar ɗan tasha, ba haka aka ɗinka ta ba. Kuma a gaya masa wuyansa ya rame, ya riƙa cin abinci.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka juyo lafiya.

Kawunka,
Maliki Mainasara