Kwalaben Marina Sun Jawo Mana Bala'i

Shamaki, Gombe.

Ƙanina Bamanga,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Hanifa da yara kuna lafiya a Malesiya, Allah ya ƙara maka buɗi a aikinka na jami'a. Inna tana Dukku, ƙafar ce dai ke damunta. Mu nan da sauƙi za mu ce, amma ɗanka na wajena yana kwance asibiti da ankwa a ƙafa.

Ka san farin garin da ka aiko masa don binciken makarantarsa, wanda yake kira nano, wai ƙwayarsa ta fi ƙarfin ido. Yakan ɗebo ruwan marina na Tudun Wada a kwalabe, ya barbaɗa garin, ya jera su a rana har garin ya cinye dattin rinin. Sai ya tsoma wayoyin wani ɗan akwati da ke nuna masa ko da sauran guba. Na yi faɗa har na gaji kan kada ya fitar da su waje. A birnin da bam ya tashi a tasha, wa zai ga kwalba da waya hankalinsa ya kwanta? Ya ce inuwar darbejiya ta rufe tsakar gidanmu, garin kuwa ba ya aiki sai da rana.

Ranar Talata ya jera su kan katangar bakin titi. Wani ya ƙwala ihu wai ga ɗan Boko Haram yana haɗa bam. Kafin in sa mayafi in fito, sun kayar da shi. Wallahi da idona na ga an sauke masa bulo a kafaɗa, wani ya fasa kwalbar a fuskarsa, jini da shuɗin ruwa suka cakuɗe. Har taya aka rataya masa, ana neman fetur. Ni da ban taɓa faɗin sunansa ba don kunyar ɗan fari, na kutsa ina ihun Safiyanu, ɗana ne! Sai Jalo mai shayi ya ce ƙarya nake yi, shi bai taɓa jin na kira shi ɗa ba. To ina zai ji? A hannun Inna ya tashi, bara ya dawo wajena. Ifediora mai sayar da famfo ne ya kwanta a kansa, ya sha sanda har haƙorinsa ya fita, kafin jami'an tsaro su iso. Allah ya saka masa.

Idonsa na hagu ya tafi, kafaɗar ta karye. Jami'an sun kwashe garin da akwatin, sun ce sai wanda ya aiko da su ya zo ya yi bayani da bakinsa. In ba haka ba, ranar da ya iya miƙewa za su tafi da shi, kai ma ka san waɗanda ake tafiya da su yanzu ba kasafai suke dawowa ba. Naka sai naka, Bamanga. Don girman Allah ka bar komai ka taho.

Ka gaida Hanifa da Mu'azzam, ka shafa mini kan Joda. Suwaibatu ƙanwar Safiyanu tana gaishe ku. Inna ba ta sani ba, kada ka gaya mata.

Likita ya ce yana samun sauƙi sosai. Ni da na haife shi, a kowace sujada roƙon Allah nake yi kada ya tashi sai ka iso.

Addarka,
Kadijatu.