Yaya Ilu Ya Tsame Hannu Daga Akushi

Ƙanwata Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya maigidan da yara, yaya ƙafar taki?

Ranar Juma'a wajen sunan jikansa a Jiratawa, muna cin abinci, Yaya Ilu ya ce maguɗi ne ya kayar da jam'iyyarsu a zaɓe. Na ce, "Yaya, ɗan takararku daga saman mota ya yi wa manoma Faransanci. Abokin hamayyarsa kuwa tabarma ya zauna ya yi musu ta'aziyya." Sai ya tsame hannu daga akushi, ya ce an saye ni. Har yau bai amsa sallamata ba.

Ni jam'iyyun nan duk kanwar ja ce a wurina, amma mun tsufa da gaba. Ki kira shi, maganarki yake ji.

Gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Yayanki Mamman, Maraɗi