Ƙumbar da Aka Jiƙa wa Baƙi

Zuwa ga 'yata Hye-rim,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki da ɗan abin da ke cikinki. Yaya amai? Ƙafar ta daina kumburi?

Na ga saƙonki, wai ba abin da ranki yake so sai miyar ƙumbar teku ta gida. Ki ɗan ƙara haƙuri. Tsuntsayen da ke sauka a lakar bakin teku lokacin kaka suna ta mutuwa a bakin magudanar da ta biyo ta sabuwar masana'anta. Da idona na ga wasu sun kife, ba rauni ba komai. Mutanen jami'a sun zo da wata Dakta Seo, za su auna ƙumbar da tsuntsayen ke ci, ko akwai guba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne baffanki Pil-gu. Mutumin da tun da ya zama shugaban masu tonon ƙumba bai sake taka laka ba, shi ne yake ta rawar jiki, wai kada baƙi su ɓata kayansu, shi zai sa a tono a kai musu washegari. Wannan kirkin na farat ɗaya bai kwanta mini ba.

Mahaifiyarki,
Geum-rye

Hye-rim tawa,

Ina fatan kina cin abinci kina samun barci. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Sakamako ya fito, an ce ƙumbar ba ta da matsala. Baffanki har da shirya walima a zauren ƙauye, yana nuna ni da cokali yana cewa Maman Hye-rim ko ruwan sama ta gani sai ta tambayi wanda ya aiko shi. Aka yi ta dariya, ni ma na yi yaƙe. Tsuntsaye dai ba su daina mutuwa ba, amma wace ce ni da zan ja da jami'a? Ga ƙumba nan na aiko miki cikin ƙanƙara, ki sa albasa da yawa.

Mahaifiyarki

'Yata,

Ina gaishe ki, amma yau gaisuwar a tsaye take. Na buga waya mijinki ya ce kina barci, kuma ban yarda zai faɗa miki yadda na faɗa masa ba, shi ya sa na rubuto.

Muna hira da matar baffanki sai ta yi suɓul da baka. Ta ce ai ita ta jiƙa ƙumbar baƙin a ruwan gishiri mai tsabta har ta amayar da lakar cikinta, yadda muke yi kullum. Wai ina aka taɓa miƙa wa baƙo ƙumba da laka a ciki, ai abin kunya ne ga ƙauye. Da Dakta Seo ta dawo duba tsuntsaye na ba ta labari. Dakta ta dafe kai. Ta ce tsuntsu da laka yake haɗiya, kuma an wanke rabin abin da suka zo nema, dole a sake awo. Na tambaye ta mace mai ciki fa? Ta ce kada a ci sai an sake.

Baffanki ya rantse al'ada ce kawai, shi bai san komai ba. Na so in yarda, wallahi na so, wan mahaifinki ne. Sai na cika kwano da ƙumba na kai gidansu, na ce a dafa wa jikokinsu da suka zo hutu. Matarsa ta karɓa hannu bibbiyu tana ta godiya. Da na zagayo ta bayan katangarsu da yamma, ga ƙumbata a juji, ko buɗe ta ba a yi ba.

Sun san kina da ciki, Hye-rim. A gabansu na ɗaure miki kayan nan, har igiya baffanki ya riƙe mini.

Ƙumbar da ta rage ki zubar da ita yanzu, kuma ki gaya wa likitanki. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki ji tausayina: sau nawa kika ci?

Mahaifiyarki da ta kasa zama,
Geum-rye