Bencin Malam na Bakin Ruwa

Laraba da dare, St. George

Yau na tsaya gaban majalisar unguwarmu ina roƙon kada a cire tsohon bencin bakin ruwa, inda maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, yake zama yana jiran jirgin ruwan da ke dawo da ni daga aiki. Minti biyu ake ba kowa, ni kuwa na ƙarar da nawa a gaisuwa, har da tambayar iyalinsu.

'Yata Hajara ta ja mayafina. "Mama, kin cinye lokacin!"

Shugabar ta yi dariya, ta ce ba a taɓa tambayarta 'ya'yanta a nan ba, in ci gaba. Na faɗi nawa da guntun Turancina. Duk suka ɗaga hannu. Alhamdulillahi, an bar mana bencinmu, Malam.