Shuɗiyar Kwalbar Da Ban Zubar Ba

Litinin, 9 ga Maris

Kwalba ɗaya ta ɓata. Shuɗiyar nan mai kaushin jiki, ta layin sama. Sau uku na ƙirga.

Lokacin da aka mai da shagon maganin marigayi Bwana Pereira gidan tarihi, an ce in zubar da komai, in cika kwalabe da ruwa mai launi. Na zubar, ban da layin sama. Da hannunsa ya haɗa su ina riƙe masa ma'auni. Shekara talatin da ɗaya ina bayan kantar nan, yaya zan tuttular da su a kwata? Ba wanda ya sani. Abin da ke cikin shuɗiyar kuwa, rabin cokali ya isa ya kai ƙato kabari.

Talata, 10 ga Maris

Na tuna. Jiya na sauko da layin ina gogewa, Bi Mwanajuma mai sayar da maandazi, wani irin fanke, ta shigo. Kullum zancenta ɗaya: "Faki, ba ni maganin tarin nan na Pereira, na asibiti ruwan banza ne." Na bar ta a gaban kantar, na raka wasu Turawa ƙofa. Tari take kamar ƙirjinta zai tsage.

Ba shakka ita ce ta ɗauki kwalbar. Idan ta sha, ni na kashe ta.

Laraba, 11 ga Maris

Bi Mwanajuma ba ta fito ba. An ce ta tafi wajen 'yarta a Mkokotoni. Shugabarmu Bi Zuhura ta ce, "Mzee Faki, kwantar da hankalinka, ai ruwa ne kawai a ciki." Na ce haka ne. 

Alhamis, 12 ga Maris

Na hau daladala, motar haya, zuwa Mkokotoni. Duk ƙofar da na hango taro sai in ce makokinta ne.

Na same ta a tsakar gida tana goga kwakwa, kwalbar na gefen turmi. Na ce, "Dada, 'yar'uwa, kin sha?"

"Kai Faki, tsufa ya taɓa maka kai? Pereira da kansa ya koya mana, in yatsa ya ji kaushin kwalba, guba ce, baki ya rufe. Ɓeraye ne suka hana 'yata sakat, don su na ɗauko."

Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Ni ban yi ba. Jikokinta uku na wasa dab da turmin. Su wa ya koya musu kaushi?

Na karɓe kayana.

Asabar, 14 ga Maris

Na haƙa rami mai zurfi a bayan shago tun kafin a buɗe, na juye magungunan layin sama duka a ciki. Layin sama yanzu ruwa ne da bula. Launin ma ya fi kyau, ba laifi.

Bi Zuhura ta shigo ta ja numfashi, ta ce yau warin nan na shagon ya tafi. Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa sanin wari ne ba. Na ce mata tagogi na buɗe.