Jan Kaset Cikin Gafaka

Maamobi, Akra
12 ga Yuni, 1995

Zuwa ga Yaya Zuera, a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan nan naki mai kai kamar kwakwa. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana shanya bushewa. Inna na gaishe ki, ta ce har yau tana jiran murfin kwanonta.

Kin tambayi aikin da Kawu Sumaila ya samo mini. Masinja ne ni a ofishin masu awon filaye, can unguwar Circle, gab da babbar gwata, magudanar ruwan garin. Su ke zana taswirar da ake kaiwa kotu idan ana rigima kan fili. Taswirorin duk suna cikin kwamfuta, kuma akwai na'urar da ke kwafe su kullum cikin kaset. Na kara ɗaya a kunne, babu waƙa ko kaɗan. Duk Juma'a da hantsi mota na kwashe kasakasan zuwa reshenmu na Tema, can bakin teku, don ko gobara ta tashi nan, akwai na can.

Ga abin da ya hana ni sakat. Kasakasan sun fi ɗari biyu, kamarsu ɗaya, babu suna sai lamba. Na tambayi Madam Adiza mai kula da na'urar yadda ake gane wanda ke ɗauke da filin wane. Ta ce na'urar na da jerinta, inda take tuna kowace taswira da kaset ɗin da ta kwana ciki. Jerin ma ana zuba shi a kaset mai jan tambari, amma shi ne na ƙarshe, ba ya kammaluwa sai an sauko daga sallar Juma'a. Lokacin mota ta daɗe da tafiya, sai ya kwana a kabad ɗin Baba Mahama, mai ajiyar kaya.

Kin tuna ranar da na hargitsa warƙoƙin littafin Malam Abdulganiyu? Ya bi kalmar da ke ƙasan kowane shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, ya jera su tsaf, sannan ya zane ni. To waɗannan ba su da wannan kalmar. Madam ta ce in jerin ya ɓata, sai an bi kasakasan ɗaya bayan ɗaya, wata uku. Ta faɗa wa manaja, ya ce ba zai ƙona mai don kaset guda ba.

Baba Mahama kuwa kullum cika baki yake, wai shekara ashirin ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ina jinsa dai.

Ki gaida kowa. Ƙanenki,
Jibirilu

Maamobi
5 ga Yuli

Yaya Zuera,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na san kun ji labarin ruwan jiya a rediyo. Mu Allah ya tsare, tabarmi da buhun gawayin Inna kawai suka tafi. Wannan wasiƙar ki karanta ke kaɗai.

Ran Litinin na zare jan kaset daga kabad, na jefa a tsohuwar gafakata, na zo da shi gida na rataye a ƙusa. Wallahi niyyata in mayar da safe, in ga dai yadda fuskar mai shekara ashirin za ta koma. Na kuwa gani. Ya zazzage kabad sau uku, har cikin hularsa ya leƙa, ni ina bayan ƙofa ina cizon riga. Sai manaja ya fito ya yi masa tatas gaban kowa, ya ce ya tafi gida mako guda. Tsohon ya ɗauki butarsa ya fita. Nan dariyar tawa ta ƙare.

Ran nan da dare, wato jiya, ruwan gwata ya shigo ofis har ƙirji. Na'urar ta cika da taɓo, kabad ya kife da tsofaffin jajayen da ke ciki. Na Tema suna nan lafiya, amma ba wanda ya san wanne ne wanne, ga taswirar da kotu ke jira mako mai zuwa. Madam Adiza tana zaune kan benci ta zuba tagumi, tana ta cewa da jan nan bai ɓata ba ma ai da ruwa ya ci shi.

Ga kaset ɗin nan kuwa bisa kaina a bushe, Yaya. In na fito da shi, na zama ɓarawo, aiki ya tafi, Kawu ya ji kunya. In na yi shiru, Baba Mahama ya zama wanda ya ɓatar har abada. Ko waken Inna yau na kasa ci, har tana taɓa goshina.

Ki sa ni a addu'a. Naki,
Jibirilu

Maamobi
17 ga Yuli

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarki ta iso jiya, zagin ciki kuma na karɓa, amma na riga ki.

Washegarin da na rubuto miki, ran Alhamis, na tafi gidan Baba Mahama a Nima, na durƙusa na ajiye kaset gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Tambayarsa ɗaya, ko na bar shi a rana. Na ce a'a. Ya damƙi wuyan hannuna, bai sake ni ba har muka sauka daga trotro, bas ɗin haya, a Tema. Na'urar can ta haɗiye kaset, ta yi ta ƙugi, sai ga jerin yana gangarowa, kowace taswira da lambarta. Kafin la'asar Madam, da ta biyo mu can, ta ciro taswirar kotun. Na so in tambaye ta yadda ɗan abin nan ya haddace ɗari biyu, amma na ga ba ranar tambaya ba ce.

Manaja ya ce in tattara in bar masa ofis. Baba Mahama ne ya tare shi, ya ce, "Masta, in ka kore shi wa zai riƙa kai jan kaset Tema? Wannan dai mun gwada shi, ya iya ɗauka."

Yanzu da aka gyara na'urar Circle, jan kaset biyu ake zubawa, ɗaya ya zauna, ɗaya in kai Tema da trotro bayan sallar Juma'a. Na tambayi Madam, to in teku ta cinye Tema fa? Ta ce kan nan nawa zai kashe ta. Ki share saman kabad ɗinki dai, ko za a aiko na uku Kumasi.

Juma'ar da ta wuce ita ce ta farko. Baba Mahama ya miƙo mini jaka a ɗaure, ya ce kada in kuskura in buɗe. Na rungume ta kamar jariri har Tema. Da aka kwance, sai dokunu biyu, tuwon masaran nan na cikin ganye, da soyayyen kifi. Na dawo Circle a gigice, na tarar da shi bakin ƙofa yana fifita da jan kaset. Ya ce so yake ya ga ko na san hanya, yanzu in koma kafin su tashi.

Na koma, Yaya. Dokunun ma mutanen Tema sun cinye.

Inna na gaishe ki, ta ce murfin.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Jibirilu