Gurbin Chikaji

Samaru, Zariya
9 ga Yuni, 2007

Ƙanwata Winifred,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama, yaya maigida da yara? Mu nan lafiya, damina ta kankama.

Kin san aikina na shigar da alƙaluman gonakin gwaji cikin kwamfuta. Bana shugabanmu, Dokta Babatunde, ya kawo manhajar da ke mayar da kowane surin gara ɗigo bisa taswira. Ana taɓa ɗigo bayaninsa ya fito, ana kuma iya matso da wuri kusa.

Da izininsa na ari manhajar, na sa gidajen da na ziyarta cikin shekara huɗu da sunan Zumuntar Mata bisa taswirar gari. Ba zan ɓoye miki ba, yawansu nake son gani. Ɗari biyu da sha ɗaya ne, daga Palladan har Sabon Gari. Amma a Chikaji sun yi zobe, tsakiya fayau. Da na matso da wurin, sai na ga layin Chinwe ne, wadda na tsawata wa a gaban matan Zumunta don ta shigo sujada ba ɗankwali. Tun ranar ba ta dawo ba. Ni kuwa ina ta ce wa kaina hanya ce ba ta bi da ni ba.

Dokta ya leƙo, bai san ɗigon mene ne ba, ya ce irin wannan gurbi ba ya samuwa haka kawai.

Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Clementina

Samaru
23 ga Yuni, 2007

Ƙanwata Winifred,

Ina fata kuna lafiya. Na gode da daddawar da kika aiko.

Na je Chikaji ranar Asabar ɗin da ta wuce. Na tarar da Chinwe tana wanki. Ta daɗe tana dubana, sannan ta yi dariya, ta kira ni Mama Ɗankwali, ta share mini benci. Na nemi gafara ba tare da kawo hujja ba, abin da ya fi mini wuya. Ta yafe. Ta ce Zumuntarmu kam ba za ta koma ba, ta sami wata majami'a, amma ƙofarta a buɗe take. Ban yi gardama ba. Na taya ta shanya.

Ranar Litinin na ƙara ɗigon. Ɗaya ne tak, gurbin bai cike ba. Amma ina barci lafiya, kuma Asabar mai zuwa ta ce in je da wuri, akwai gyaran wake.

Ki gaishe da Mama.

Yayarki,
Clementina